Tsatsar Salansa: Ɓarnar da Ruwa ke Bari a Ƙarƙashin Motocinmu

A wata asubar watan Janairun 2023, lokacin da sanyin hunturu ya kai matuƙa, na ɗauki maiɗakina da yaranmu biyu a tsohuwar motata ƙirar Golf, muka bar Haɗejiya za mu Kano dubo wata 'yar'uwa da ke kwance a asibiti. Gilasai duk a rufe suke saboda sanyi da ƙura, yaran kuma suna kujerar baya lulluɓe da bargo. Ba mu kai Gujungu ba ƙaramar ta fara kukan ciwon kai. Uwarta ta ce rashin karin kumallo ne, ta miƙa mata biredi. Jim kaɗan yayanta ya ce zuciyarsa na tashi. Ni kaina na ji idanuna sun yi nauyi, barci yana fizgata, alhali kuwa na kwanta da wuri a daren. Da yaron ya fara amai sai na gangara gefen titi, muka buɗe ƙofofi, muka fito duka muka zauna a ƙasa, injin yana ta aiki domin ban ma tuna na kashe shi ba.

Wani dattijon direban haya da ya tsaya kusa da mu yana gyara ɗaurin kaya shi ne ya matso, ya yi sallama, ya saurari motar na ɗan lokaci. Sai ya ce, "Malam, ku kashe ta. Salansarku ta fashe, hayaƙi kuke sha tun daga gida." Ya durƙusa ya leƙa, ya kira ni na leƙa. Bututun da ke shiga tukunyar salansa ta baya ya rube, ya buɗe baki daidai ƙarƙashin kujerar da yaran suke. Da ya ɗaga tabarmar but, sai ga wasu ƙananan huji a ramin tayar safaya, tsatsa ta cinye su har ana hango ƙasa. Ya ce kada mu sake rufe gilashi har mu isa, kuma mu fara kai yaran wurin likita kafin mu je dubiyar da ta fito da mu. Haka muka yi, muka shiga Kano muna rawar ɗari, Allah Ya kiyaye, yaran suka warware a ranar.

Na daɗe ina jin ƙarar motar ta canza, ta yi ɗan kauri. Na ɗauke shi tsufa. Duk wanda ya san tashoshin motarmu ya san ba a ɗaukar ƙarar salansa a bakin komai; ana ganinta abin da ke damun kunnen maƙwabci kawai, wasu samarin ma da gangan suke fasa ta babur domin a ji wucewarsu. Ni da nake ganin na yi boko, ban taɓa lissafa salansa cikin abubuwan da rai ya rataya a kansu ba, kamar birki da taya da sitiyari. Aikinta na farko kuwa shi ne ta kwashi hayaƙin inji ta wuce da shi bayan mota, nesa da hancin waɗanda ke ciki. Rage ƙara na biye ne. A cikin hayaƙin nan akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin mutum ya fi kama ta a kan iskar oksijin sau fiye da ɗari biyu. Ita ce dai ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a ɗaki ko a soro, labarin da ba ya ƙarewa a jaridunmu. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da jin barci, abubuwan da kowane matafiyi zai iya jingina wa yunwa ko zazzaɓi ko gajiyar hanya.

Asalin ɓarnar ya koma watanni huɗu baya, ga ambaliyar daminar 2022, wadda gwamnatin tarayya ta ce ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, Jihar Jigawa kuma tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mutanen Haɗejiya ba za su manta da kwanakin da matasa da dattawa suka yi suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga ba dare ba rana. A makonnin nan na yi ta zirga-zirga tsakanin gari da ƙauyukan wajen Auyo, ina kwaso 'yan'uwa da ɗan abin da suka tsira da shi. Na ratsa ruwa ban san iyaka ba, wani wurin ya kai rabin taya, wani wurin taɓo ne mai kama ƙafa. Da ruwa ya janye na kai motar aka wanke ta, jiki ya yi ƙyalli, na biya na tafi. Babu wanda ya sa tiyo a ƙarƙashinta, ni ma ban ce a sa ba.

Wanda bai zauna a wannan yanki ba zai yi mamakin a ce tsatsa na damun mutanen da ke bakin Sahel, inda rana ke ƙona ƙarfe wata takwas a shekara. Amma ƙasar Haɗejiya ƙasar ruwa ce. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya zo nan ya bazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru, kafin ya haɗu da ruwan Jama'are su zama Kogin Yobe da ke zuba a Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara a hanyoyin da a da suke ƙafewa da rani, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe magudanai, ruwan kuma ya riƙa neman hanya ta gonaki da tituna. Direban da ke jigila zuwa Guri ko Kirikasamma ko Kafin Hausa yana shiga ruwa da damina, yana shiga taɓon gonakin shinkafa da alkama da rani. Motarsa ba ta samun hutun bushewar da motar Kazaure ko Gumel ke samu.

Tsatsa abu uku take nema: ƙarfe, da danshi, da iska. Ruwa tsabtatacce da ya fantsamu a salansa mai zafi ba ya daɗewa, nan take yake ƙonewa. Taɓon fadama shi ne matsala. Yana manne wa a saman tukunya, da tsakanin bututu da farantin da ke kare jikin mota daga zafi, da cikin kusurwoyin da aka yi walda, ya bushe daga waje ya riƙe danshi a ciki, duk safiya raɓa ta ƙara jiƙa shi. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kamar an naɗe shi ne da jiƙaƙƙen tsumma na tsawon makonni. In aka ƙara da takin zamani, abin ya ƙara muni, domin gishirin da ke cikin taki yana hanzarta cin ƙarfe matuƙa. Duk mai akori-kurar da ke dakon buhunan taki zuwa fadama ya san yadda bayan motarsa ke rubewa kafin gabanta, ruwan da ya wanko takin kuma a kan salansa yake ɗiga. Akwai kuma illar shiga ruwan sanyi da salansa mai tsananin zafi: ƙarfen ya takure farat ɗaya, walda ta tsage tsagewar da ido ba ya gani, daga nan ƙadangare ya samu wurin shiga bango.

Duk wannan na fahimce shi ba tare da an sha wahalar yi mini bayani ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne abin da mai waldar da na kai wa motar ya nuna mini bayan mun dawo gida. Dattijo ne da ya shekara fiye da talatin yana wannan sana'a. Da ya sauke tukunyar sai ya girgiza ta, na ji ruwa yana motsi a ciki, ya karkata ta wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya zubo, kusan cikin kofin shayi. Na ce ashe ruwan ambaliya yana ciki har yanzu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ruwan Satumba ai da tuni ya ƙone. Wannan ruwan motarku ce ta haife shi." Ya sa gurumi ya tsaga tukunyar gida biyu. Waje akwai tsatsa, gaskiya ne, amma ciki ya fi waje lalacewa nesa ba kusa ba: farantan da ke raba ɗakunan tukunyar sun zama kamar ganyen da fara ta ci. Ya ce, "Kun gani? Da ɗan gari a kan ci gari."

Maganarsa ta yi daidai da abin da ke cikin littattafan kimiyya. Fetur ya ƙunshi kabon da haidurojin, in ya ƙone haidurojin ɗin yana haɗuwa da oksijin ya zama ruwa. Litar fetur ɗaya tana haifar da ruwan da ya kusa lita ɗaya, a matsayin tururi. In salansa ta yi zafi tun daga inji har wutsiya, tururin yana ficewa ba a gan shi ba. In kuwa da sanyinta, yana taruwa a jikin ƙarfen kamar yadda yake taruwa a murfin tukunyar tuwo, ya gangara ya kwanta a tukunyar baya, wadda ta fi nisa da inji kuma ta fi jinkirin ɗaukar zafi. Ɗigon ruwan da ake gani a bakin salansa da sanyin safiya ke nan. Motar da ke tafiya Kano ta dawo tana ƙone ruwanta a hanya. Wadda aikinta daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa kasuwa, tafiyar minti biyar-biyar a cikin gari, kullum ƙara ruwa take yi a kan na jiya. Irin tawa ke nan: bayan wahalar ambaliya sai na tausaya mata, na daina fita da ita nesa, ina ganin hutu nake ba ta.

Ruwan nan kuma ba ruwan sha ba ne. Man da muke saya yana ɗauke da farar wuta, wadda masana ke kira salfa, in ta ƙone ta narke a cikin ruwan sai ya zama asid mai cin ƙarfe. A nan ne maganar ta fita daga gareji ta shiga siyasa. A watan Satumban 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa man da ba za a yarda a sayar a ƙasashensu ba su kawo Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta halatta dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Tarayyar Turai ta tsayar da nata a kashi 10 tun 2009. Bayan hayaniyar da rahoton ya tayar, Najeriya da wasu maƙwabtanta suka yi alkawarin gyara, a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da kashi 50 a matsayin iyaka, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ita ma ta bi wannan ma'auni. An fi tattauna batun ta fuskar lafiyar huhu, kuma haka ya dace. Sai dai motocin da ke kan titunanmu yau sun sha wancan man shekara da shekaru, salansarsu ta riga ta biya kuɗinsa.

Yawancinsu ma da ciwonsu suka iso. Motocin da muke kira 'yan Kwatano ko tokumbo sun yi ƙuruciyarsu a Turai da Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a tituna lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara. Motar da ta shekara goma tana wanka da ruwan gishiri, ko an fesa mata baƙin fenti a ƙasa kafin a kai ta kasuwa, tsatsar tana nan a ƙarƙashin fentin. Mai saye a wurinmu yana duba inji, ya duba giya, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya zagaya jiki yana neman inda aka yi ciko. Da wuya ka ga wanda ya kwanta a ƙasa da tocila. Ni ma ban kwanta ba ranar da na sayi tawa.

Sai kuma abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur. Tun daga lokacin malamai da ƙananan ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu suka koma babur, ba a fito da mota sai ranar Juma'a ko ranar biki. Wasu kuma, don kada batir ya mutu, sukan tayar da ita da safe ta yi minti uku a tsaye su kashe. Babu abin da ya fi wannan cutar da salansa, domin minti ukun ya isa a haifi ruwa, bai isa a ƙone shi ba, sa'annan a bar shi kwance mako guda yana aikinsa. In motar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ko ciyawa aka ajiye ta, kamar yadda tsakar gidajenmu suke da damina, to ana cinta ciki da waje. Masu mayar da motocinsu zuwa iskar gas su ma su sani cewa gas ya fi fetur haifar da tururi, duk da ya fi shi tsabta ta wasu fuskokin.

Abin da na koya na kariya ba shi da yawa, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Mafi girmansa wankin ƙarƙashi. Duk lokacin da mota ta ratsa ruwan ambaliya ko taɓo, a bari salansa ta huce, a sa ruwa mai ƙarfi a wanke ƙasanta, musamman saman tukunya da bayan farantan kariya inda laka ke ɓuya, sa'annan a yi tafiya da ita ta bushe. Wankin bakin kogi da direbobinmu suka saba, inda ake tura mota cikin ruwa har ya shafi ƙofa, ba ya cikin lissafi. Ruwan da kansa laka ne, kuma mota na shigarsa da zafinta. Na biye da shi, a ba mota tafiya mai ɗan nisa aƙalla sau ɗaya a mako, ta minti ashirin zuwa talatin ba tsayawa, kamar a je Malam Madori a dawo. Na san mai ya yi tsada, na kuma san za a ce wannan shawarar masu hali ce. Amma wanda ke tayar da mota kullum tana ƙona mai a tsaye, in ya tara man nan ya yi tafiya ɗaya da shi, bai ƙara kashe ko kwabo ba, batir ɗinsa ma ya fi samun caji.

Wasu tukwanen salansa suna zuwa da ɗan ƙaramin huji a ƙasansu, wanda masu ƙera su suka yi da gangan domin ruwa ya riƙa ɗiga. Mai waldan nan ya ce sau da yawa ana kawo masa mota a ce ya toshe shi, an ɗauka fashewa ce. Wanda ya ga huji ƙarami, zagayayye, mai tsabtar baki, a daidai mafi ƙasan tukunya, ya bar shi, in ma laka ta toshe shi ya sa tsinke ya buɗe. Hujin tsatsa ba ya ɓuya, bakinsa a yayyage yake, da baƙin hayaƙi kewaye da shi. Robobin da ke rataye da salansa su ma abin dubawa ne. In ɗaya ta tsinke, nauyin yana komawa kan walda, hanyoyinmu masu ramuka kuma su ƙarasa aikin. Ɗaurin waya da muke yi a madadinsu yana hana salansa faɗuwa, amma ba ya shanye girgiza, kuma yana goge ƙarfen a inda ya kama.

Fenti yana taimakawa in an yi shi yadda ya kamata, wato a kankare tsatsa da burushin waya har ƙarfe ya fito, a shafa fentin da aka yi musamman domin jure zafi. Fentin ƙofa ko na jikin mota ƙonewa yake yi a tafiyar farko. Al'adar da na fi so a bari ita ce fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota da sunan maganin tsatsa. A kan sauran ƙarafan ƙasa yana iya ɗan korar ruwa, ko da yake yana lalata robobi yana kuma tara ƙura. A kan salansa kuwa ba ya zama, hayaƙi kawai yake yi, kuma mai a kan ƙarfe mai zafi neman gobara ne.

In gyara ya zama dole, a nan ne araha ke yaudararmu. Salansa iri-iri ce: akwai ta baƙin ƙarfe zalla, wadda ta fi araha ta fi saurin rubewa; akwai wadda aka lulluɓe da gorar ruwa; akwai ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam fiye da kashi goma cikin ɗari, irin wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Motocin zamani da yawa da irin wannan na ƙarshe suke fitowa daga kamfani, shi ya sa tsohuwar salansar asali da aka ciro daga motar da ta yi haɗari takan fi sabuwar da aka lanƙwasa a bakin titi daɗewa. Faci a kan faci kuwa asarar kuɗi ce. Wutar walda tana ƙone rufin da ke kare ƙarfe a kewayen wurin, sai tsatsa ta dawo daidai gefen facin bayan 'yan watanni. Ni sau biyu aka yi wa tawa faci a shekarun baya, a wani garejin da ba na wannan dattijo ba, kuma a gefen facin na biyu ne ta buɗe a hanyar Gujungu. Ban ɗora wa yaron da ya yi aikin laifi ba. Ya ce a canza bututun, na ce ya lallaɓa.

Ba zan wuce ba tare da ambaton abin da makanikai ke kira indomi ba, wato tukunyar da ke kusa da inji mai ɗauke da wani abu kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Aikinta shi ne ta mayar da mafi yawan iskar gubar nan zuwa wadda ba ta kai ta illa ba. Saboda tsadar abin da ke cikinta, masu sayen gwangwan suna nemanta ido rufe, kuma motoci da yawa a ƙasar nan an fafe tasu, wasu da sanin mai mota, an ce masa za ta ƙara gudu, wasu kuma ba da saninsa ba. Motar da aka cire wa indomi hayaƙinta ya fi guba sosai, don haka ƙaramin huji a salansarta ya fi haɗari. Wadda take da ita kuma a kula da abu biyu: zafinta yana haura digiri 400, in ta faɗa ruwan sanyi saƙar tana iya farfashewa, in kuma aka ajiye motar a kan busasshen bambaron shinkafa lokacin girbi tana iya tayar da wuta.

Game da ratsa ruwa, gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce salansa ba ita ce babbar abin tsoro a lokacin ba. Muddin inji na aiki, hayaƙin da ke fita yana hana ruwa shiga ta baya. Haɗarin yana gaba, inda inji ke shaƙar iska. In ya shaƙi ruwa, ya tashi daga aiki. Amma in mota ta mutu a tsakiyar ruwa, to ruwa zai cika salansa, kuma kuskure ne a yi ta murza makulli. A tura ta waje, a kira makanike. Haka abin yake ga babura, waɗanda su ne ainihin abin hawan mutanen fadama. Na sha ganin ɗan acaɓa ya fito da babur daga ruwa, ya ɗaga gabansa sama ruwa ya zubo ta salansa, ya tayar ya wuce. Dabara ce mai kyau, sai dai lakar da ta shiga ba ta fita duka, shi ya sa salansar babur a nan ba ta kai ta wasu wurare kwana.

Ina ganin akwai aikin da ya wuce na mai mota shi kaɗai. Motocin hayarmu, Golf da Sharon da bas-bas, suna cika maƙil da fasinja, a ɗaure but a buɗe saboda kaya, wanda hakan ke jawo hayaƙin baya zuwa ciki ko da salansa lafiyarta ƙalau, balle wadda ta fashe. Da hunturu kowa ya rufe gilashi. Sau nawa fasinja ke sauka da ciwon kai ya ce wahalar hanya ce? Direban da barci ya kwashe a kan sitiyari da hantsi, wa ya taɓa leƙa ƙarƙashin motarsa bayan haɗari? Jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra suna tambayar takardu da abin kashe gobara, kuma suna da hujja. Sauraren ƙarar salansa ba ya buƙatar na'ura, dattijon Gujungu da kunne ya gane tawa. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha sun fi kowa iya wannan, in suka sa shi cikin sharuɗɗan lodi daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi. Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke nan Haɗejiya kuma za ta iya shirya wa masu walda da makanikai gajeren horo a kan waldar ƙarfen da ba ya tsatsa, domin yawancinsu da waldar kabaid suka tashi, aikin kuma yana neman wasu kayan daban.

Gwajin da dattijon ya koya mini kowa zai iya yinsa a ƙofar gida, a fili ba cikin rufaffen gareji ba. Da safe kafin salansa ta yi zafi, a tayar da mota, wani ya dunƙule tsumma ya danne bakin salansa na daƙiƙa biyu ko uku kawai. In lafiya take, tsumman zai yi ta turowa da ƙarfi, injin ya nemi shaƙewa. In akwai huji, za a ji huci yana fita ta wani wuri a ƙarƙashi, tsumman kuma ba zai yi nauyi a hannu ba. Na yi wa motocin abokan aikina biyar wannan gwaji a harabar makarantarmu cikin mako guda, uku suka yi huci. Ɗaya daga cikin masu su ya ce zai gyara in an yi albashi. Na ce masa kafin nan ya riƙa barin gilashi a buɗe in ya ɗauki yara, ya kuma toshe hujin da ke ramin safayarsa, wanda na zura yatsa biyu a ciki yana kallo.

Tawa dai an sa mata bututu da tukunyar asali da aka samo a Kano, aka yanke ruɓaɓɓen wurin da ke but aka yi masa sabon faranti. Kuɗin ya kusa rabin albashina na wata a lokacin. Tun daga nan, duk ƙarshen Oktoba in ruwa ya janye nakan kai ta kan rami, mu shiga ni da dattijon da tocila, yana ƙwanƙwasa bututun da ƙaramar guduma daga gaba zuwa baya, yana saurare. Inda ƙarfe ke da rai yakan yi ƙara garau, inda ya fara mutuwa sai ya amsa a dushe. A bana ya tsaya a kan wani lanƙwaso kusa da tayar baya, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya zana masa alli, ya ce in dawo da ita kafin sanyi ya shigo.